Tsofaffin Finafinan 'Yan Fashi na Faransa: Bugun Amurka, na Ingila, ko na Faransa?

Wanda ya kamu da son finafinan laifi da Faransawa suka yi daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa farkon 1970, waɗanda masana fim ke kira film noir, ba ya daɗewa sai ya iske kansa a mararraba. Fim ɗaya ne, amma bugunsa uku ko huɗu. Ɗauki Rififi na 1955: kamfanin Criterion ya fitar da shi a Amurka, Arrow ya fitar a Ingila, Gaumont ya fitar a Faransa, ga kuma tsohon DVD yana yawo a hannun 'yan gwanjo. Kuɗinsu daban, kwalinsu daban, kuma akwai wanda idan ka saka a na'urarka ko motsi ba zai yi ba. Ga mutumin da zai biya kuɗin aike daga wata nahiya, ya zauna jiran makonni, kuskure ɗaya ya isa ya kashe masa gwiwa.

Matsayina tun daga farko shi ne: mai zaune a Afirka ko Turai ya fara duba Blu-ray bugun Ingila ko na Faransa kafin ya ɗaga kai zuwa Amurka, komai kyan sunan kamfanin Amurkan. Amma akwai inda wannan hukunci ke karyewa, shi ya sa sai an bi abin daki-daki.

## Me ya sa bugu ke da muhimmanci haka?

Da duhu aka gina waɗannan finafinai. A Ascenseur pour l'échafaud na Louis Malle, wanda ya fita a 1958, mai ɗaukar hoto Henri Decaë ya bi jaruma Jeanne Moreau tana tafiya cikin dare a titin Champs-Élysées, kusan ba shi da haske sai na tagogin kantuna. Idan kwafin da ke hannunka ba mai kyau ba ne, fuskarta da daren sai su cakuɗe su zama dunƙulen baƙi, abin da aka sha wahala a kansa ya tafi a banza. Haka sauti. A Rififi, darakta Jules Dassin ya shirya fashin kantin gwala-gwalai na kusan rabin awa ba magana ba kiɗa. Ƙarar guduma da aka naɗe wa ƙyalle, da faɗowar ɓarɓashin rufi cikin lemar da ɓarayin suka buɗe ta cikin ramin, da numfashin mutane huɗu, su ne labarin gaba ɗaya. Kwafin da sautinsa ke shuu kamar rediyon da bai kama tasha ba ya riga ya kashe wannan fage. Dassin ya samu kyautar gwarzon darakta a bikin Cannes na 1955 da wannan fim, bayan Hollywood ta rufe masa ƙofa saboda zargin kwaminisanci, kuma shi da kansa ya fito a matsayin mai fasa akwatin ƙarfe.

## Ma'aunai shida

Na farko, wanda ya fi kowanne cin mutane, shi ne shiyya. Faifan Blu-ray an raba masa duniya gida uku. Shiyyar A ita ce nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. Shiyyar B ta haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya. Shiyyar C ta ɗauki Rasha da Sin da Indiya da maƙwabtansu. Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan duk B ne. Na'urar da aka yi wa kasuwar B ba ta kunna faifan da aka kulle a A. DVD kuwa lambobi gare shi: Amurka 1, Turai 2, yawancin Afirka 5. Faifan 4K shi kaɗai ba shi da wannan kulle. Sai dai ka lura, shiyyar na'ura ba ta bin garin da take zaune, tana bin kasuwar da aka ƙera ta dominta. Na'urar tokumbo da ta fito daga Amurka A ce ko a Kano take. Juya bayanta ka duba harafin da aka buga kafin ka sayi faifai ko ɗaya.

Na biyu harshe. Shin akwai fassarar ƙasan allo, kuma da wane yare? Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni da ke saka Hausa, saboda haka Turanci ne ko Faransanci. Ɗan Damagaram ko Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci yana da babbar dama a nan, amma kada ya saki jiki. Da yawa daga finafinan daga littattafan marubuta irin su Albert Simonin da Auguste Le Breton aka ciro su, kuma da yaren 'yan daban Paris na shekarun 1950 ake magana a ciki, ga shi jaruman finafinan, Jean Gabin da Lino Ventura, ba sa buɗe baki sosai. Ko wanda ya ƙware yana jin daɗin ganin rubutun Faransancin a ƙasa.

Na uku ingancin hoto da sauti. Ba yawan ƙwayoyin hoto kaɗai ake dubawa ba, ana duba daga ina aka kwafo fim ɗin, daga asalin nagetif ko daga kwafin kwafi, da kuma shekarar da aka yi gyaran. Kamfanonin kirki suna rubuta wannan a bayan kwali.

Na huɗu kuɗi, tare da aike da abin da kwastam za su iya nema. Na biyar ƙarko da samuwa. Na shida tsarabar da ke cikin faifan: hirarraki, sharhin masana, ɗan littafi.

## Criterion, bugun Amurka

An kafa Criterion a 1984, kuma shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A wannan fanni yana da Rififi, wanda ya fitar a DVD a 2001 sannan a Blu-ray a 2014, da Les Diaboliques na Henri-Georges Clouzot, da Ascenseur pour l'échafaud a 2018, da Le Samouraï na Jean-Pierre Melville a 2017, da Le Corbeau a 2022.

Ta wajen fassara ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Turancin yana da tsafta, kuma ana ƙoƙarin riƙe zafin bakin 'yan fashin. Tsaraba ma haka. Faifan Rififi yana ɗauke da hira da Dassin kansa. Na Ascenseur yana da hoton makaɗin jazz Miles Davis da Malle a lokacin naɗar kiɗan fim ɗin, wanda aka yi cikin dare ɗaya a Disamban 1957, Davis yana kallon allo yana busa ƙaho. Na Le Samouraï yana da bayanin Rui Nogueira da Ginette Vincendeau, mutum biyu da suka yi rubutu mai zurfi a kan Melville. Wanda ke son ya san yadda aka yi fim, ba kallo kaɗai ba, makaranta ce a cikin kwali.

Kuɗin da aka rubuta wa Blu-ray ɗaya shi ne dala 39.95, na 4K kuma dala 49.95. Masu haƙuri ba sa biyan haka, domin kantin littattafai na Barnes & Noble yana karya farashin Criterion gida biyu a watan Yuli da Nuwamba, kamfanin ma yakan yi nasa ragin na kwana ɗaya. Idan kana da ɗan'uwa a can da zai saya ya riƙo maka, wannan ne lokacin.

Matsalar ita ce kulle. Blu-ray ɗin Criterion na Amurka a shiyyar A yake. Tun 2016 kamfanin ya fara fitar da bugun Ingila na shiyyar B, amma wani yanki ne kawai na kayansa ke tsallakawa. Haɗari na biyu shi ne ƙarewar haƙƙin mallaka. A 2010 Criterion ya rasa izinin finafinai masu yawa mallakar kamfanin Faransa StudioCanal, ciki har da Le Trou da Le Quai des brumes da Quai des Orfèvres da Le Corbeau, wanda ya sake samu daga baya. Da zarar an daina buga faifai, 'yan gwanjo sai su ɗora masa kuɗin da bai kai ba, jabu kuma su fara yawa. Kada ka biya ninki uku a kan tsohon bugu don kawai tambarin da ke jikinsa, domin sau da yawa wani kamfani ya riga ya fitar da sabon gyara da ya fi shi.

## Kino Lorber, shi ma Amurka

Da yawa daga abin da ya suɓuce wa Criterion, a hannun Kino Lorber ya faɗa. A 2019 ya fitar da Bob le flambeur da Le Doulos na Melville, da Touchez pas au grisbi na Jacques Becker, da Le Quai des brumes na Marcel Carné, da Razzia sur la chnouf na Henri Decoin. A 2022 ya haɗa finafinai uku na Gaumont a kwali ɗaya da ya kira French Noir Collection: Le Rouge est mis na 1957, da Le Dos au mur na 1958, da Un témoin dans la ville na 1959. Biyun ƙarshe na Édouard Molinaro ne, kuma na ƙarshen, inda Lino Ventura ke farautar direban tasi da ya gan shi a daren kisa, yana cikin waɗanda nake ganin ba a ba su haƙƙinsu ba.

Kino ya fi Criterion sauƙi. Blu-ray ɗaya yawanci bai wuce dala 30 a rubuce ba, kuma suna yawan yin ragi. Kwalin ba shi da ado, ɗan littafi ba kasafai ba, tsarabar yawanci sharhin murya ne na wani masani da tallar fim ɗin. Hoton kuwa yawanci gyaran da mai fim ɗin, StudioCanal ko Gaumont, ya riga ya yi ne aka ba su, saboda haka sau da yawa da shi da na Turai uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai na'urar B ba shi da hujjar wahalar da kansa a kan Kino, sai idan fim ɗin ba shi da bugun Turai mai fassarar Turanci. Shi ma a shiyyar A yake.

## Bugun Ingila

A nan na fi son mai karatu ya daɗe. Shiyyar B ce, tamu. Fassarar Turanci tana nan. Kuma tsakanin Landan da garuruwanmu matafiya ba sa yankewa, faifai kuwa ba shi da nauyi a jaka.

Babban mai kaya shi ne StudioCanal, reshen Canal+, wanda ke riƙe da ɗimbin tsofaffin finafinan Faransa. A 2017 ya fitar da finafinan Becker, ciki har da Touchez pas au grisbi da Le Trou. Na farkon, na 1954, shi ne ya dawo da tauraruwar Gabin bayan yaƙi, kuma a cikinsa Ventura, wanda ɗan kokawa ne a da, ya fara fitowa a fim. Labarin tsohon ɗan fashi ne da ya gaji, yana so ya ajiye sana'a, amma amininsa ya saki baki wajen mace. Akwai wurin da dattawan nan biyu ke zaune a maɓoya suna cin biskit da ɗan abin shafawa, su goge haƙora, su saka kayan barci. Becker bai yanke ko ɗaya ba, kuma a wannan natsuwa darajar fim ɗin take. Le Trou na 1960 kuwa fursunoni ne ke haƙa rami a gidan yarin La Santé, kana kallon siminti yana fashewa a hannunsu ba tare da dabarar kyamara ba. Becker ya rasu a shekarar, kafin fim ɗin ya shiga sinima.

A shekarar 2017 ɗin dai, cikar shekara ɗari da haihuwar Melville, StudioCanal ya haɗa finafinansa shida a kwali ɗaya: Bob le flambeur, Léon Morin, prêtre, Le Doulos, L'Armée des ombres, Le Cercle rouge da Un flic. Huɗu daga ciki na 'yan fashi ne, biyu na zamanin mamayar Jamus. Ga mai farawa, ban san wata hanya da ta fi wannan arha ba idan aka raba kuɗin kwalin gida shida. A lura, Le Samouraï ba ya ciki, domin ba nasu ba ne.

Bayan StudioCanal akwai Arrow, da ya fitar da Rififi a 2011, da cibiyar finafinai ta Birtaniya wato BFI, da ta fitar da Classe tous risques na Claude Sautet, da ƙaramin kamfani Radiance da aka kafa a 2022, wanda ya saka Un témoin dans la ville a kwalinsa na farko na World Noir. Radiance da Arrow suna yin bugu mai ƙayyadadden adadi, da ɗan littafi da kwali mai kyau, kuma idan ya ƙare sai dai ka jira bugu na gama-gari.

Kuɗi: Blu-ray ɗaya na gama-gari yawanci tsakanin fam 10 ne da 20. Tsaraba ta StudioCanal ba ta kai ta Criterion yawa ba, kuma a wasu tsofaffin faya-fayansu fassarar ba ta kai ta Criterion daɗin karatu ba. Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba: kowane faifan Ingila yana ɗauke da tambarin hukumar tace finafinai ta ƙasar, mai nuna shekarun da suka dace. Waɗannan finafinai cike suke da mashaya da gidajen rawa da kisa, ba na zaman falo da yara ba ne, kuma magidanci zai ji daɗin ganin lambar tun daga kwali.

## Bugun Faransa

Gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Gyaran yawancin finafinan nan a Faransa ake fara yinsa, kuma akwai finafinai birjik da ba su taɓa tsallaka iyaka ba. Gaumont da Pathé da StudioCanal su ne manya. Shiyyar B ce, kuɗin Blu-ray na gama-gari yana kaiwa da komowa tsakanin yuro 15 da 25.

Akwai ƙaramin kamfani Coin de Mire Cinéma da ya cancanci a tsaya a kansa. Tsarinsa shi ne ya dawo maka da daren sinima na zamanin: kafin fim ya fara sai ka ga labaran mako na lokacin da ya fita, da tallace-tallacen da ake nunawa a sinima a shekarar, sannan fim ɗin. A cikin kwali akwai ɗan littafi da kwafin hotunan talla da fasta. Finafinan Gabin da yawa sun fito ta hannunsa. Kuɗinsa ya kai kimanin yuro 30, kuma adadin da ake bugawa ƙayyadadde ne.

Haɗarin bugun Faransa guda ɗaya ne, amma babba: faifai da yawa ba su da fassarar Turanci sam. Abin da ke ciki shi ne rubutun Faransanci da aka yi domin kurame da masu ƙarancin ji. Wasu na Gaumont da Pathé suna da Turanci a kan fim ɗin, amma hirarrakin tsaraba babu. Ga ɗan Najeriya ko Ghana da bai ji Faransanci ba, wannan asara ce tsantsa idan bai duba bayan kwali ba. Ga ɗan Nijar ko Chadi ko Kamaru da ya yi boko da Faransanci, wannan rubutun na kurame shi ne daidai abin da yake buƙata don kama yaren 'yan daba, kuma kasuwar da ta fi kowace faɗi ta buɗe masa.

## Faifan 4K

Wannan ba kamfani ba ne, nau'in faifai ne da ya shigo a 2016. Blu-ray yana ba da ƙwayoyin hoto 1920 sau 1080, 4K kuma 3840 sau 2160, tare da fasahar HDR mai faɗaɗa tazara tsakanin haske da duhu, wadda ita ce ta fi amfani ga finafinan dare. StudioCanal ya fitar da Le Cercle rouge a 2020, Criterion ya biyo da nasa a 2022, sannan Le Samouraï a 2024, shekarar da jarumin fim ɗin, Alain Delon, ya rasu. Kino ya fitar da Bob le flambeur da Le Doulos a 2024.

Babban daɗinsa rashin kulle. Amma ga tarkon: Criterion yana haɗa faifan 4K da Blu-ray a kwali ɗaya, kuma yawancin tsarabar tana kan Blu-ray ɗin, wanda ke kulle a A. Sai ka kalli fim, hirarrakin da ka biya kuɗinsu su gagare ka.

Sannan sabon gyara ba kullum yake gamsar da kowa ba. Launin Le Cercle rouge a gyaran 2020 ya jawo gardama tsakanin masu tara faya-fayai, domin tsofaffin bugu sun fi karkata ga shuɗi mai sanyi, sabon kuma ya fi ɗumi. Melville ya rasu a 1973, Decaë, wanda ya ɗauki hoton fim ɗin, a 1987, babu wanda za a tambaya a cikinsu. Ni ina tare da masu son sanyin, domin mutumin da ya yi Le Samouraï da launin toka da shuɗi-shuɗi, har ɗakin Delon kamar ba a taɓa kunna wuta a ciki ba, da wuya ya nemi ɗumi bayan shekara uku. Duk da haka, ta wajen fitowar ƙananan abubuwa a fagen fashin dandalin Vendôme, sabon gyaran ya yi wa tsohon nisa.

Kayan kallo su ne tsadar gaske. Sai da talabijin mai 4K da HDR na kirki, da na'ura ta musamman. Oppo ya daina ƙera na'urorin a 2018, Samsung a 2019, LG a 2024, Sony da Panasonic ne manyan da suka rage. PlayStation 5 mai ramin faifai da Xbox Series X suna kunna 4K, amma suna bin kullen shiyya a kan Blu-ray da DVD. A kan allon da bai kai inci 50 ba, daga kujerar falo, da ƙyar ido zai raba 4K da Blu-ray mai kyau.

## Tsohon DVD, da kallo ta intanet

DVD shi ne mafi arha, kuma na'urori da yawa da ke kasuwanninmu suna cin kowace shiyya. Criterion ya fitar da Pépé le Moko na 1937 a DVD a 2003, da Le Deuxième Souffle a 2008, kuma har yanzu ana kallonsu da daɗi. Rauninsa biyu. Hoton bai wuce layi 480 ko 576 ba, duhu yana dunƙulewa. DVD na Turai kuma yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, wato saurin kashi 4 cikin ɗari, fim na awa biyu ya rage kusan minti biyar, murya da kiɗa su ɗan tashi sama. A fim ɗin da ƙahon Miles Davis ke ja, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta wajen ƙarko ma Blu-ray ya fi, domin an shafe fuskarsa da wani rufi mai tauri da ke jure karce. Kowanne ka saya, kada ka bar shi a mota cikin rana, kuma ka rufe kwali lokacin hunturu saboda ƙura.

Kallo ta intanet ba ya buƙatar jira. Criterion Channel, da aka buɗe a 2019, a Amurka da Kanada kaɗai yake aiki. Dandalin kallo na MUBI yana aiki a ƙasashe da yawa, amma finafinansa suna shiga suna fita, kuma jerin kowace ƙasa daban. Hoto mai kyau yana iya cin gigabait 3 na data a awa, 4K kuma har 7. Le Cercle rouge minti 140 ne, sai ka yi lissafi. Kuma matsa hoto don ya bi waya a wurare masu duhu ya fi yin ɓarna. Amfaninsa shi ne ɗanɗano kafin saye. Kwafin satar fasaha kuwa ban saka shi a layi ba: fassararsa sau da yawa ba ta tafiya da baki, kuma kuɗin faifan gaske ne ke biyan masu gyaran fim na gaba.

## A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Kuɗin faifai ɗaya | Shiyya | Fassara | Ƙarko da samuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Criterion na Amurka | dala 39.95, rabi lokacin ragi | A | Turanci, mafi kyau | Faifai mai ƙarko, wasu sun daina fita | Ba ya aiki a na'urar B |
| Kino Lorber | har dala 30 | A | Turanci | Ana samu | Kulle, tsaraba kaɗan |
| Bugun Ingila | fam 10 zuwa 20 | B | Turanci | Ana samu, na musamman suna ƙarewa | Ingancin fassara ya bambanta |
| Bugun Faransa | yuro 15 zuwa 30 | B | Yawanci Faransanci | Mafi yawan finafinai | Rashin Turanci |
| 4K | dala 40 zuwa 50 | Babu kulle | Ya danganta da kamfani | Finafinai kaɗan | Tsadar na'ura, gardamar launi |
| DVD | mafi arha | 1 ko 2 | Ya danganta | Yana karcewa | Hoto mai rauni, saurin gudu |
| Intanet | kuɗin wata da data | Ya danganta da ƙasa | Yawanci akwai | Ba naka ba ne | Fim na iya ɓacewa |

## Wa ya dace da wanne?

Mai farawa da ke jin Turanci, na'urarsa kuma B ce: kwalin Melville na StudioCanal, da Touchez pas au grisbi da Le Trou na kamfanin, da Rififi na Arrow idan ya samu. Wannan ya ba shi ginshiƙin fannin ba tare da ya canza na'ura ba.

Mai jin Faransanci: ya nufi bugun Faransa kai tsaye, ya tabbatar akwai rubutun kurame a ciki. Idan yana son tarihin zamanin, ya sayi ɗaya na Coin de Mire ya gwada kafin ya ƙara.

Ɗalibin fim, ko mai shirya fim da ke son ya ga yadda ake riƙe mai kallo rabin awa ba tare da kalma ɗaya ba: Criterion ya cancanci wahalarsa. Ya sayi na'urar da aka buɗe wa shiyya sau ɗaya ya huta, ya kuma tabbatar tana karɓar wutar 220 zuwa 240, domin wasu na'urorin Amurka wutar 120 kaɗai suka sani, a soket ɗinmu ƙonewa za su yi.

Wanda ke zaune a Amurka ko Kanada, ko wanda na'urarsa tokumbon can ce: lissafin ya juye. Criterion a watan Yuli da Nuwamba, Kino ya cike giɓi.

Mai babban allo da HDR: ya fara da Le Samouraï. Le Cercle rouge kuwa ya nemi hotunan gwaji na tsohon bugu da sabo ya kwatanta launinsu tukuna.

Wanda kuɗinsa kaɗan ne, ko bai tabbatar zai so finafinan ba: ya kalli ɗaya ta intanet idan yana cikin jerin ƙasarsa, ko ya sayi DVD na gwanjo daga mai sayarwar da ya nuna hoton bayan kwali da fuskar faifan, ya karanta lambar shiyya da jerin harsuna kafin ya tura kuɗi.